Adam Clayton Powell: majalisa ta rufe masa ƙofa, Harlem ta sake turo shi

Sani_Bronx:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara tara ke nan ina tuƙin tasi a New York, kusan kullum sai na bi wani babban titi a Harlem mai suna Adam Clayton Powell Jr., ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Jiya na ɗauki wani dattijo baƙar fata a titi na 125, daidai inda mutum-mutumin mai sunan yake, sai na tambaye shi. Wallahi har na sauke shi bai rufe baki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: a 1967 Majalisar Wakilan Amurka ta hana mutumin zama a kujerarsa bisa zargin wasa da kuɗin gwamnati. Aka yi zaɓen cike gurbi, mutanen Harlem suka sake zaɓensa da kashi 86 cikin 100, alhali shi yana wani tsibiri yana kamun kifi, ko yawon kamfe bai zo ba. To ni tambayata: daidai suka yi, ko kuwa irin tamu ce ta "ko ɓarawo ne dai namu ne"?

Auwalu_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ba shi ne wanda ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Iraƙi na da makamai ba?

Bakatsine77:
Auwalu kai ma dai. Wancan Colin Powell ne, janar ɗin soja. Suna ne kawai ya zo ɗaya, ba su haɗa komai ba, duk da shi ma a Harlem aka haife shi.

Malam_Tarihi:
Malam Sani, ba za a gane ƙuri'ar 1967 ba sai an koma baya shekara talatin. An haifi Powell a 1908. Mahaifinsa ne babban limamin cocin Abyssinian da ke Harlem, ɗaya daga cikin manyan majami'un baƙar fata a Amurka, mabiyanta sun haura dubu goma. Ɗan ya gaji uban a 1937.

A lokacin, shagunan titi na 125 ɗin nan da ka ɗauki fasinjanka kusan duk na fararen fata ne. Masu saye baƙaƙe, amma ba a ɗaukar baƙi ko a matsayin mai jiran kanti. Powell ya shiga gaba a gangamin "kada ka sayi kaya inda ba za a ɗauke ka aiki ba". A 1941 ya jagoranci ƙaurace wa motocin bas har sai da kamfanonin suka yarda za su ɗauki baƙar fata kusan 200 aikin direba da kanikanci. A shekarar ya zama baƙar fata na farko a majalisar birnin New York, a 1944 kuma ya ci kujerar Majalisar Wakilai. Da ya shiga a Janairun 1945, baƙar fata biyu ne kacal a majalisar gaba ɗaya: shi da William Dawson na Chicago, wanda mutum ne mai lallaɓa manyan jam'iyya, ba ya son hayaniya.

Shi Powell hayaniyar ya je yi. Ɗakin cin abinci da shagon aski na majalisar, a al'ada baƙar fata ba ya shiga. Ya shiga, ya kuma riƙa jan mutanen mazaɓarsa su ci abinci a ciki. Wani ɗan majalisa daga Mississippi, John Rankin, ya ce ba zai zauna kusa da shi ba, sai Powell ya mayar da shi abin wasa: duk inda ya zauna sai ya je ya zauna gefensa. Ka tuna a jihohin Kudu a lokacin yawancin baƙar fata ba a ma barinsu su yi zaɓe. Don haka wanda ke Alabama ko Georgia ma Powell yake ɗauka ɗan majalisarsa.

Maman_Ihsan:
Malam, ka kawo rabin da ke da daɗi. A 1960 mutumin nan ya fito a talabijin ya ambaci sunan wata dattijuwa 'yar Harlem, wadda mijinta ya rasu, ya ce ita ke karɓar cin hanci daga 'yan caca tana kai wa 'yan sanda. Ta kai shi kotu kan ɓata suna, a 1963 aka yanke ya biya ta dala 211,500. Daga baya aka rage zuwa 46,500, duk da haka ya ƙi biya. Ba Baturiya ba ce, baƙar fata ce 'yar mazaɓarsa. Ina kare baƙar fatar yake a nan?

Barista_Zazzau:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma wannan shari'ar ce ta fara karya shi. A zauren majalisa ɗan majalisa yana da kariya, duk abin da ya faɗa ba a kai shi ƙara. Ya fara faɗin maganar a can, ba abin da ya faru. Da ya maimaita a talabijin sai kariyar ta faɗi. Da ya ƙi biya, kotu ta same shi da laifin raina ta. Dokar New York ba ta yarda a miƙa sammacin ƙarar da ba ta laifi ba ranar Lahadi, shi ya sa ya koma sai Lahadi yake shiga Harlem, ya yi wa'azi a coci ya fice. A 1966 abin ya koma raina kotu irin na laifi, ita ma Lahadin ta toshe. Sai ya tare a Bimini, tsibirin da Malam Sani ya ambata, a ƙasar Bahamas. Ka ga ɗan majalisar da ba zai iya taka mazaɓarsa ba sai an kama shi.

Bakatsine77:
To Sani ga amsarka nan. Talaka ko'ina halinsa ɗaya. Ka yi masa abu ɗaya ka cinye goma, zai ce ai wancan ɗayan ma wasu ba su yi ba.

Malam_Tarihi:
A'a Bakatsine, lissafin nan naka bai zauna a kan Powell ba. Ba rijiyar burtsatse ɗaya ya haƙa ya ɗauki hoto ba. A majalisar Amurka ta lokacin, shugabancin kwamiti na wanda ya fi daɗewa ne a jam'iyya mai rinjaye. Tsarin nan 'yan Kudu masu wariya ya fi yi wa amfani, don kujerunsu ba sa girgiza. Sai ga shi tsarin ya ɗauko Powell a 1961 ya ɗora shi shugaban Kwamitin Ilimi da Ƙwadago, kujerar da wani ɗan North Carolina, Graham Barden, ya daɗe yana zaune a kai yana danne ƙudurori. A shekara biyar zuwa shida, zamanin shugabannin ƙasa Kennedy da Johnson, dokoki kusan hamsin suka bi ta kwamitinsa suka fita. Ciki akwai dokar tallafa wa makarantun firamare da sakandare ta 1965, da ta manyan makarantu ta shekarar, da dokar yaƙi da talauci ta 1964, da ƙarin mafi ƙarancin albashi daga dala 1 a awa zuwa 1.25, sannan dokar 1966 da ta kai shi 1.60. Shugaba Johnson da kansa ya rubuta masa wasiƙar yabo a 1966. Waɗannan dokokin fararen fata talakawa ma sun ci moriyarsu.

Dr_Hadiza_K:
Abin da ya fi burge ni a tarihinsa ba shugabancin kwamitin ba ne, wani gyara ne da ya riƙa maƙala wa ƙudurori har aka sa wa gyaran sunansa. Duk ƙudurin da ya zo na kashe kuɗin tarayya, sai ya miƙe ya ce a ƙara sharaɗi: makaranta ko asibiti ko hukumar da ke wariyar launin fata ba za ta samu ko sisi ba. Da Clarence Mitchell na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, suka riƙa tsara shi. Shekara da shekaru ana kayar da shi. Ƙarshe wannan sharaɗin ne ya zama sashe na shida na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, kuma shi ya fi tilasta wa makarantu da asibitocin Kudu buɗe ƙofa, don hukuncin kotu ana iya jan ƙafa a kansa, amma yanke kuɗi ba wasa.

Malam_Tarihi:
Haka ne Dakta, sai dai gyaran yana da nasa ciwon. A 1956 an kawo ƙudurin gina makarantu da kuɗin tarayya. Powell ya maƙala gyaransa, 'yan Republican da yawa suka goyi bayan gyaran don sun san zai kori ƙuri'un 'yan Kudu, sannan suka juya suka kayar da ƙudurin gaba ɗaya. Ba a gina ajin baƙi ba, ba a gina na fari ba. Abokan tafiyarsa ma sun yi fushi da shi a kan wannan.

Dr_Hadiza_K:
Na sani Malam. Amma in da ya janye, da kuɗin tarayya za a gina sababbin makarantun wariya shekara biyu bayan Kotun Ƙoli ta haramta wariyar a 1954. Ni a nan ina bayansa.

Alhassan_Kumasi:
Gaisuwa daga Zango. Mu nan Gana muna da ɗan abin da ya haɗa mu da shi. Yana cikin baƙin da suka zo Accra bikin 'yancin kai a Maris 1957, tare da manyan baƙar fatan Amurka irin su Martin Luther King da Ralph Bunche da A. Philip Randolph. Kafin nan, a 1955, ya je taron Bandung na ƙasashen Asiya da Afirka 29 a Indonesiya, duk da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ba ta so ya je ba. Abin dariya, suna tsoron zai je ya tona musu asiri, sai ya je ya kare Amurka a gaban 'yan jaridar ƙasashen gurguzu. Da ya dawo shi ya ba da shawarar a riƙa tura makaɗan baƙar fata ƙasashen waje su gyara sunan ƙasar, aka fara da Dizzy Gillespie a 1956.

Auwalu_Fagge:
Wai me ya sa cocin ake ce mata Abyssinian? Ba Habasha ke nan ba?

Alhassan_Kumasi:
Ita ce. An kafa ta a 1808, baƙar fatan da suka ƙi yarda a ware musu wurin zama a cocin Turawa ne suka fice, tare da wasu 'yan Habasha. Sarki Haile Selassie ma ya ziyarce ta a 1954, ya ba su kyautar gicciye.

Maman_Ihsan:
Tun da an ambaci Martin Luther King, a faɗi abin da Powell ya yi masa a 1960. King da Randolph sun shirya zanga-zanga a babban taron jam'iyyar Democrat a Los Angeles. Powell ya aika masa cewa in bai fasa ba, zai yaɗa cewa akwai lalata tsakaninsa da mai ba shi shawara Bayard Rustin. Ƙarya ce tsagwaronta, amma sai da Rustin ya ajiye muƙaminsa. Mutumin da zai yi wa ɗan uwansa a gwagwarmaya wannan ƙazafin, kuma wai limami, ni dai ba zan kira shi gwarzo ba.

Sani_Bronx:
Hajiya wannan kam dattijon bai gaya mini ba. Abin da ya ta nanatawa shi ne, duk abin da Powell ya yi Turawan majalisar ma suna yi, bambancin kawai shi a fili yake yi.

Bakatsine77:
Ai wannan ita ce waƙar kowane ɓarawo da aka kama: "ba ni kaɗai ba ne."

Barista_Zazzau:
Bakatsine, waƙar ɓarayi ce, amma wani lokacin gaskiya ce. Ga abin da aka same shi da shi: matarsa ta uku tana karɓar albashin ma'aikaciyar ofishinsa, kusan dala dubu ashirin a shekara, alhali tana zaune a Puerto Rico. Ga tikitin jirgi da kuɗin kwamiti zuwa wuraren hutu, wasu da sunan ma'aikatan da ba su yi tafiyar ba. Ga yawon Turai na 1962 da ma'aikata mata biyu. Ga fashin zaman majalisa. Duk ba a musanta ba.

Yanzu ku duba ɗaya gefen. A shekarar nan ta 1967 Majalisar Dattawa ta samu Sanata Thomas Dodd, farar fata daga Connecticut, da karkatar da kuɗin kamfe zuwa aljihunsa. Tsawatarwa kawai aka yi masa a hukumance, ya ci gaba da zama a kujerarsa. Wayne Hays kuwa, wanda ya jagoranci binciken kuɗin Powell a 1966, shi kansa ya bar majalisa a 1976 bayan an gano ya sa farkarsa a jerin masu karɓar albashi. Laifi tudu ne.

Kuma kwamitin da majalisar ta kafa ƙarƙashin Emanuel Celler bai ce a kore shi ba. Cewa ya yi a rantsar da shi, a tsawatar masa, a ci shi tarar dala 40,000, a mayar da shi sahun sababbin shiga. Zauren ne ya yi watsi da shawarar, ranar 1 ga Maris 1967 aka kaɗa ƙuri'a 307 da 116 aka hana shi kujerar. Shugabancin kwamiti kuwa tun Janairu 'yan jam'iyyarsa suka karɓe.

Yar_Maradi:
Barista, ban gane ba. In majalisa tana da ikon korar ɗan majalisa, mene ne laifinta a nan?

Barista_Zazzau:
Tambaya mai kyau, ƙanwata, nan ne gaɓar shari'ar take. Kora daban, hana shiga daban. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba majalisa ikon korar mamba, amma sai an rantsar da shi tukuna, sannan a samu kashi biyu bisa uku. Su kuma tun a bakin ƙofa suka tare shi, da ƙudurin da rinjaye kawai yake buƙata. Ya kai ƙara, shari'ar da ake kira Powell da McCormack, sunan kakakin majalisar na lokacin. A watan Yunin 1969 Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai da ɗaya, ta ce majalisa ba ta da wannan ikon. Sharuɗɗa uku ne kundin ya gindaya: shekara 25, zama ɗan ƙasa na shekara bakwai, da zama a jihar da ta zaɓe ka. Wanda ya cika su kuma jama'a suka zaɓe shi, majalisa ba za ta ƙirƙiro sharaɗi na huɗu ba. Alƙalin Alƙalai Earl Warren ne ya rubuta hukuncin ana gab da ya yi ritaya. Kotun ba ta wanke Powell daga zargin kuɗi ba, ba a ma tambaye ta wannan ba. Haƙƙin masu zaɓe ta duba.

DanKiru:
Wannan maganar ta taɓa mu. A Satumban 2016 Majalisar Wakilan Najeriya ta dakatar da Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji kwanakin zama 180 bayan rikicin cushe a kasafin kuɗi, a 2017 kuma Majalisar Dattawa ta dakatar da Ali Ndume. Duka biyun Babbar Kotun Tarayya ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Ko kana son mutum ko ba ka so, mazaɓar ce ke zama ba wakili.

Barista_Zazzau:
Tushen hujjar ɗaya ne, sai dai kada a haɗe su gaba ɗaya. Namu dakatarwa ce bayan an rantsar da mutum, na Powell hana rantsuwa ne, kuma kundin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne.

Dr_Hadiza_K:
Mu koma tambayar Malam Sani. Ni ina ganin ƙuri'ar Afrilun 1967 ba Powell aka zaɓa ba, majalisar aka mayar wa martani. Mutanen da aka shekara ɗari ana zaɓa musu wanda zai yi magana da yawunsu, rana ɗaya Turawa 307 su ce wanda kuka turo bai yi mana ba, me kake tsammani? Hujjata ita ce abin da ya faru bayan an bar su sun yi hukunci da kansu. Ya sake ci a 1968, aka rantsar da shi a Janairun 1969 da tarar dala 25,000, ba shugabanci ba daɗewa. Ya koma Bimini abinsa, ba ya zuwa zama sai jefi-jefi. A zaɓen fid da gwani na 1970 mutanen Harlem ɗin nan suka kayar da shi, suka ba Charles Rangel.

Bakatsine77:
Dakta, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 300 ba fa, kuma 'yan takara biyar ne, an kuma sake shata mazaɓar an shigo da wasu unguwanni. Wannan ba hukuncin jama'a ba ne, tsautsayi ne. Shi Rangel ɗin ma da ya shekara arba'in a kujerar, a 2010 majalisa ta tsawatar masa kan harkar kuɗi da haraji, suka sake zaɓensa. To ina darasin da aka koya?

Maman_Ihsan:
Kuma shekara biyun da kujerar ta zauna ba kowa fa? Bayan ya ci zaɓen cike gurbin bai je ya karɓi kujerar ba, yana jiran kotu. Wa ya yi asara, shi da ke cikin kwalekwale ko matar da ke neman wanda zai bi mata haƙƙinta a Washington? Namu ɗan majalisar ma haka yake, tun da muka zaɓe shi ofishin mazaɓar a kulle, sai mai gadi. Da an taɓa shi kuma sai a ce ana yaƙar yankinmu.

Malam_Tarihi:
Hajiya, ɗan kuka ne mai jawo wa uwarsa jifa, ban musa ba. Amma wani abu da ba a faɗa ba: mutumin fatarsa fara ce sol, har a jami'ar Colgate ya ɗan yi zama ana ɗaukarsa Bature kafin asiri ya tonu. Ɗan gata ne, da ya so da ya yi rayuwarsa cikin kwanciyar hankali. Kuma bai taɓa zama yaron kowa ba. A 1945 da wata ƙungiyar matan Turawa ta hana matarsa Hazel Scott, makaɗiyar piyano, yin wasa a zaurensu na Washington, ya caccaki matar Shugaba Truman don ta halarci shayin ƙungiyar, Truman ya daina gayyatarsa fadar White House. A zaɓen shugaban ƙasa na 1956 ya bar ɗan takarar jam'iyyarsa ta Democrat ya goyi bayan Eisenhower na Republican. Iyayen gidan jam'iyya a New York suka tsayar masa da wani a 1958 don su koya masa hankali, ya lallasa shi. Mutanen Harlem abin da suke gani ke nan: baƙi ɗaya da ba ya sunkuyar da kai. Har shan sigarinsa da tsadaddun kwat ɗinsa da yawon duniyarsa daɗi suke musu.

Auwalu_Fagge:
To yaya ya ƙare?

Malam_Tarihi:
Ya rasu a asibiti a Miami ranar 4 ga Afrilu 1972, yana da shekara 63, shekara huɗu cif da ranar da aka harbe King. An yi masa jana'iza a cocin Abyssinian, aka ƙona gawar, ɗansa ya watsa tokar ta jirgin sama a kan ruwan Bimini.

Auwalu_Fagge:
Innalillahi. Limami guda a ƙona shi? Allah ya sa mu cika da imani.

Yar_Maradi:
Ni har yanzu dattijuwar nan ce a raina. An biya ta kuwa?

Barista_Zazzau:
A farkon 1967 an fitar da faifan jawabansa aka sayar, daga kuɗin aka biya ta wani kaso. Shekara kusan bakwai ke nan bayan maganar da ya yi a talabijin.

Maman_Ihsan:
Shekara bakwai. Shi an sa wa titi sunansa da dogon bene na gwamnatin jiha, ita kuma a cikin labarinsa kawai ake tunawa da ita.

Sani_Bronx:
Na gode jama'a, na shigo da tambaya ɗaya zan fita da uku. Dattijon ya karɓi lambata, ya ce ranar Alhamis zan kai shi asibiti. Zan tambaye shi maganar Rustin da ta matar nan, in ji ko zai kare shi. Barista, kafin nan ka duba mana: albashin shekara biyun da aka hana shi zama, kotun ta ce a biya shi ko ta yi shiru a kai?